Gezar inuwa da awon la'asar a Tawa

Kakana, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu a Tawa, kuma har ya bar duniya ban taɓa ganin agogo a hannunsa ba. Idan rana ta karkata yamma, kaifinta ya fara karyewa, sai ya fito wani fili mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a gaban masallacin, ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya miƙe tsaye ƙyam. Aikina a lokacin, ina ɗan shekara takwas ko tara, shi ne in ɗora tsakuwa daidai inda inuwar kansa ta ƙare, shi kuma ya auna tsakanin inda ya tsaya da tsakuwar, yana jera dunduniya a bakin yatsa har ya kai gare ta. Lissafinsa shi ne wanda malaman fiƙihu suka koyar: tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa, kuma a mazhabar Malikiyya lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawon abin, bayan an ƙara ɗan abin da ya rage na inuwa a lokacin zawali. Wannan ragowar tana sauyawa daga wata zuwa wata, kuma duk ya haddace ta.

Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, duk sanda na durƙusa da tsakuwa a hannu, sai in tarar inuwar ba ta da iyaka tsayayya. Kusa da ƙafafunsa layin a yanke yake kamar an tsaga shi da wuƙa, amma a wajen kai duhun narkewa yake yi sannu a hankali, ya koma toka-toka, daga nan ya saje da haske, ba tare da ya bar mini wurin da zan ce nan ne ƙarshe ba. Wata rana na ce masa, "Malam, a ina zan sa? Gefen ya yi dishi-dishi." Ya ce, "Sa ta inda duhun ya ƙare, ɗan nan, sauran kuma mu ba shi lokaci." Haka kuwa yake yi, domin ko awo ya cika ba ya kiran salla nan take, sai ya koma kan buzunsa ya zagaya carbi sau ɗaya yana istigfari, sannan ya tashi.

Yau wayar salula ce ke faɗa mana lokacin la'asar har da minti, kuma a bazarar da ta wuce sha'awa ta kama ni in gwada awon kakana da na waya in ga yadda za su haɗu. Na zaɓi farkon watan Mayu da gangan. Tawa tana kusan digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, a farkon Mayu da kuma wajen tsakiyar Agusta, rana takan tsaya tsaka a kanmu da tsakar rana, inuwar zawali ta ɓace, lissafi ya yi sauƙi: idan inuwa ta kai tsawon abu, shi ke nan. Na kafa katako mai tsawon mita 1 a tsakar gida, na ja layi da gawayi a nisan mita 1 gabas da shi. Sannan na yi tunanin cewa dogon abu zai fi ba ni awo na ƙwarai, tun da inuwarsa ta fi saurin tafiya a ƙasa, don haka na auna bangon soronmu, wanda ya miƙe daga kudu zuwa arewa, tsayinsa daga ƙasa kuma mita 4 ne, na ja wani layin a nisan mita 4 daga gindinsa.

Bangon bai fi katakon da komai ba. Dishi-dishin da ke ƙarshen inuwar katako bai wuce faɗin babban yatsa ba, na bango kuwa ya kai faɗin yatsu huɗu a haɗe. Inuwar bango ta fi gudu sau huɗu, amma gefenta ma ya fi faɗi sau huɗu, har ya zama lokacin da wannan gefe ya ɗauka kafin ya gama ƙetare layin gawayi ɗaya ne a wuraren biyu, wato kimanin minti 2. Na maimaita kwana uku a jere, abin bai sauya ba.

Dalilin yana cikin siffar ranar kanta. Mun saba ɗaukarta kamar wani ɗigon wuta ne can sama, alhali faifai ce mai faɗi, kuma kowane sashe na fuskarta yana aiko da nasa hasken a miƙe. Gefenta na sama yana jefa wa bango inuwa mai kaifi wadda ta tsaya a wani wuri, gefenta na ƙasa yana jefa wata inuwar mai kaifi wadda ta zarce ta farko kaɗan, haka kuma duk abin da ke tsakaninsu. Abin da idonmu ke gani a ƙasa tarin inuwoyi ne marasa adadi da aka jera bisa juna, kowace ta goce wa ƴar'uwarta da ƙiris. Inda duka suka haɗu, nan ne duhu ya cika, kuma zan kira wurin ƙwaryar inuwa. Inda wasu suka kai wasu ba su kai ba, nan ne dishi-dishin, zan kira shi gezar inuwa, kamar gezar rawani ko ta tabarma. Masanin taurari Johannes Kepler, Bajamushe, shi ne ya ƙirƙira wa wannan geza suna da Latinanci a shekarar 1604, sunan da ma'anarsa take kusan-inuwa.

Hanyar da ta fi zaunar mini da abin a rai ita ce in ƙaddara ni tururuwa ne da ya taso daga gindin bango ya nufi gabas. Muddin yana cikin ƙwarya, idan ya waiwaya bango kawai zai gani, rana tana ɓoye a bayansa gaba ɗaya. Da ya taka wani wuri sai ya hango bakin rana ya leƙo ta saman bango siriri kamar farce, kuma daga nan geza ta fara. Kowane taku yana ƙara buɗe masa fuskar rana, ya ga sulusinta, ya ga rabinta, har ya iso inda faifan ya rabu da bango ɗungurungum, ya shiga cikakken haske. Hasken da ke sauka a kowane wuri daidai yake da yawan fuskar rana da ake gani daga wurin. Ke nan gezar inuwa faɗin rana ne aka shimfiɗa a ƙasa, kuma wanda ya auna ta da ma'auni ya auna girman rana ko da bai ɗaga kai sama ba.

Ana iya sa wa wannan magana lamba. Faɗin rana ya kai kimanin kilomita 1,392,000, nisanta da mu kuma kusan kilomita miliyan 150 ne. Idan aka raba nisan da faɗin za a sami kusan 108, kuma wannan lamba ita ce mabuɗin sauran bayanin. Ma'anarta ita ce faɗin geza kashi ɗaya ne cikin 108 na tazarar da ke tsakanin abu da wurin da inuwarsa ta faɗa, wato kusan santimita 1 a kowace mita. Shi ya sa inuwar ƙafar kakana take a yanke, domin tsakaninta da ƙasa babu tazara, ta kansa kuwa take narkewa, domin haske ya yi tafiyar fiye da mita 2 daga kan zuwa ƙasa. Idan rana ta karkata, geza tana ƙara miƙewa saboda a kaikaice take sauka. A lokacin da inuwa ta yi daidai da tsawon abu, faɗinta a ƙasa yakan zama kashi ɗaya cikin 54 na tsawon abin: kusan santimita 2 ga katakona, santimita 3 ga mutum tsaye, santimita 7 da ɗoriya ga bangon soro. Hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsawon mita 27, a irin wannan lokaci gezar ƙololuwarta za ta kai rabin mita. Dab da magariba kuwa, sanda inuwoyi ke miƙewa har su tsallaka titi, ƙarshensu yakan baje har mutum ya rasa inda zai nuna.

Lambar tana aiki ta wata fuskar kuma. Geza tana cin ƙwarya daga gefe biyu, don haka duk abin da ya yi nesa da ƙasa fiye da faɗinsa sau 108 ba ya da ƙwaryar inuwa ko kaɗan, domin ga wanda ke ƙasa abin ya yi ƙanƙanta da ya rufe fuskar rana duka. Wayar wutar lantarki mai kaurin santimita 1 tana rasa ƙwaryarta da zarar ta haura mita 1 da ɗan kai, kuma wannan ne ya sa idan ka duba ƙarƙashin wayoyin da ke bin titi sai ka ga falwaya da inuwarta ɓaro-ɓaro a gindi, amma ta wayar sai ka ƙura ido kafin ka ga wani ɗan zirin dusu-dusu. Shirwa idan ta sauko kan ƴan tsaki inuwarta takan riga ta isowa, amma idan tana shawagi can sama ba ta barin wata alama a ƙasa. Jirgin sama mai faɗin jiki mita 4 yana rabuwa da ƙwaryar inuwarsa tun bai kai rabin kilomita ba, kuma daga nisan kilomita 10 da jirage ke bi, ɗan hasken da yake tarewa bai isa ido ya lura da shi ba.

Minti 2 ɗin da na gani a tsakar gida ma daga nan suka fito. Faɗin rana a sararin sama rabin digiri ne da ɗan ƙari. Duniya tana kewaya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 1 a kowane minti 4, saboda haka rana tana buƙatar minti 2 da ƴan daƙiƙu kafin ta matsa da gwargwadon faɗin kanta. Duk mai azumin da ya taɓa tsayawa a bayan gari yana kallon faɗuwar rana ya san wannan lokaci, domin shi ne tsakanin sanda gindinta ya taɓa ƙasa da sanda samanta ya nutse. Tsawon sanda ba ya rage shi, ko da hasumiya aka kafa a maimakonta, tun da tsawon da ya ƙara wa inuwa gudu shi ne ya ƙara wa geza faɗi. Bayan na gane haka sai na ɗauki carbi na yi istigfari ɗari ba da gaggawa ba, ina duban agogo, na tarar lokacin ya kusa minti 2. Hukuncin shigar lokaci na malamai ne, ni a kan awo kawai nake magana, amma a ganina jinkirin da kakana ke yi a kan buzu ya yi daidai da abin da awon ƙafa ba zai iya tantancewa ba, kuma umurnin da ya ba ni na ɗora tsakuwa inda duhu ya ƙare shi ma ya karkata ne wajen tabbaci, domin yana gajarta inuwar da aka auna, ya sa a ƙara jira.

A makarantar boko wani malaminmu ya taɓa gaya mana cewa gefen inuwa yana yin dishi-dishi ne saboda haske yana lanƙwasawa idan ya zo gefen abu. Na riƙe wannan amsa shekaru da yawa, kuma akwai gaskiya a cikinta, sai dai an ɗora ta a inda ba nata ba. Haske yana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma yakan ɗan kutsa bayan abin da ya tare shi. Wani limamin Kirista masanin kimiyya a birnin Bolonya na Italiya, Francesco Grimaldi, ya lura da ƙananan layuka masu haske da duhu a gefen inuwa, aka buga bayaninsa a 1665 bayan rasuwarsa. A 1818 Augustin Fresnel ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faransa lissafin da ya bayyana su, wani daga cikin alƙalan, Poisson, ya nuna cewa idan lissafin gaskiya ne to dole a sami ɗigon haske a tsakiyar inuwar abu mai da'ira, abin da ya ɗauka ba zai yiwu ba, sai wani alƙalin, Arago, ya yi gwajin ya ga ɗigon. Amma tsawon igiyar hasken da muke gani kusan rabin kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka a tazarar mita 1 wannan lanƙwasa ba ta kai milimita 1 ba, alhali gezar da faɗin rana ke jawowa ta kai milimita 9. Idan tazara ta ƙaru, geza tana ƙara yi mata nisa. Wanda ke son ganin layukan Grimaldi sai ya shigo da haske ta ɗan mitsitsin rami cikin ɗaki mai duhu, domin a fili faɗin rana yana shafe su.

Akwai kuma abin da iska ke yi, wanda ya kamata a raba shi da wannan. Ko a ƙwaryar inuwa muna iya karatu da ɗinki, saboda sararin sama da bangaye da ƙasa suna watso haske daga kowace kusurwa. Wannan yana rage baƙin inuwa, amma bai ƙara wa gezarta faɗi ba. A duniyar wata, inda babu iska, inuwa ta fi tamu duhu nesa ba kusa ba, duk da haka gezarta daidai take da tamu, domin girman rana a can da nan kusan ɗaya ne. Lamarin yana sauyawa ne a hunturu, sanda iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe yankinmu na Adar da hazo. A irin ranakun nan ƙurar da ke kewaye da rana takan ɗauki haske ta zama wani babban farin fili, sai tushen hasken ya faɗaɗa, inuwa ta koɗe, gefenta ya ƙara bajewa. Idan hadarin damina ya rufe sama ruf, sama gaba ɗaya ce ta zama fitila, kuma ba za ka ga inuwa ba sai a ƙarƙashin mota ko gado, inda ƙasa ba ta ganin sama ta ko'ina.

Wanda ke son tabbatar da wannan da kansa zai iya yi da dare a ɗaki. A kashe wuta, a kunna tocilar wayar salula, wadda ƙwanta bai fi ƙwayar dawa ba, a ajiye ta nesa, a sa hannu kusa da bango: inuwar za ta fito a yanke har ana iya ƙirga gashin hannu. Sannan a kunna dogon ƙwan lantarki irin na shaguna, mai tsawon santimita 120. Idan hannu yana nisan mita 2 daga ƙwan, kuma santimita 20 daga ƙasa, gezar za ta kai santimita 12 ta ɓangaren tsawon ƙwan, yatsu su narke su ɓace. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na alƙalami a ƙarƙashin wannan ƙwan. Idan aka riƙe shi a miƙe yadda ƙwan ya miƙe, inuwarsa tana fitowa sarai, idan kuma aka juya shi ya gitta ƙwan, sai ta kusan ɓacewa, ba tare da an ɗaga shi ko an sauke shi ba. Ƙwan siriri ne ta gefe ɗaya, dogo ta ɗayan, kuma inuwa tana bin siffarsa. Masu ɗaukar hoton biki da ke haska fitila cikin farar lema suna faɗaɗa tushen haske ne don inuwar hanci da ta haɓa su yi laushi a fuskar amarya, haka kuma babbar fitilar ɗakin tiyata an yi ta da faɗi ne don kada hannun likita ya duhunta masa wurin da yake aiki.

Idan aka juya maganar, aka bar abin da ke tare haske aka dubi ramin da ke barinsa ya wuce, doka ɗaya ce ke aiki. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa a gindin dogon yaro da rana tsaka ya ga ɗigogin haske a ƙasa, kuma mafi yawansu kewayayyu ne kamar kwabo, alhali babu wata kafa mai da'ira tsakanin ganyaye. Haka ma ramin ƙusa a tsohon rufin kwano yakan sauko da farar da'ira a daɓen ɗaki wadda ta ninka ramin girma sau da yawa. Kafar ta yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka kwatanta da nisanta daga ƙasa, shi ya sa siffarta take ɓacewa, siffar rana ta maye gurbinta. Kowane ɗigo hoton rana ne, kuma faɗinsa kashi ɗaya ne cikin 108 na tazarar, har ya zama kafar da ke nisan mita 5 a sama tana ba da da'ira mai kusan santimita 5.

Na ga shaidar wannan da idona ranar Laraba, 29 ga Maris na 2006, sanda aka yi kusufin rana da hantsi. Ƙwaryar inuwar wata, wadda faɗinta bai kai kilomita 200 ba, ta shigo ta Gana, ta bi Togo da Benin, ta ratsa Gusau da Katsina, ta shiga Nijar ta wajen Maraɗi da Damagaram, ta nufi Chadi da Libiya, inda duhun ya kai minti 4 da ƴan daƙiƙu. Mu a Tawa cikin geza muka faɗa, gezar da ta lulluɓe dubban kilomitoci. Rana ba ta ɓace mana ba, amma haske ya koɗe ya yi rawaya-rawaya, iska ta yi sanyi, mutane suka nufi masallatai don sallar kusufi. A kan hanya na bi ta gindin wani dogon yaro, sai na ga duk ɗigogin da na saba gani kewayayyu sun koma jinjirin wata, ɗaruruwa, suna fuskantar gefe ɗaya, a kan ƙasa da bango da rigunan mutane. Na kuma lura inuwata ta yi wani irin kaifi da ban taɓa gani ba, domin abin da ya rage na rana ya zama siriri, gezar ta tsuke tare da shi. Wani ɗan'uwana da ke Maraɗi a ranar ya ba ni labarin cewa su duhu ya rufe su, har kaji suka nufi akurki. Shi yana cikin ƙwarya, ni ina cikin geza, kamar tururuwa biyu a gindin bango ɗaya.

Lambar 108 ce ta bayyana dalilin da ya sa zirin duhun ya yi siriri haka. Faɗin wata kilomita 3,474 ne, don haka ƙwaryar inuwarsa tana tsukewa ta ƙare a nisan kimanin kilomita 375,000, alhali matsakaicin nisansa da duniya kilomita 384,400 ne. Idan wata yana kusa, tsinin ƙwaryar yakan taɓa doron ƙasa da ƙyar. Idan yana nesa ba ya isowa, sai a ga rana ta zama zoben wuta kewaye da baƙin wata, daidai da yadda wayar lantarki ta kasa rufe ta. Ranar 2 ga Agusta na 2027 ƙwaryar za ta sake ratsa arewacin Afirka ta wuce ta kan Jidda da Makka, mu kuma za mu kasance cikin geza, kuma matsamin ƙosai mai huji-huji da aka ɗaga a saman farin zane ya isa ya nuna wa yara jinjirin rana ba tare da kowa ya kalle ta kai tsaye ba, domin kallonta yana lalata ido ko da an ci rabinta.

Magabata sun san waɗannan abubuwa. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala a kan yanayin inuwa inda ya rarrabe wurin da haske ya yanke gaba ɗaya da wurin da ya ragu kawai, ya kuma rubuta wata a kan siffar da kusufi ke fitarwa idan haskensa ya bi ta ƙaramin rami. Al-Biruni, a zamani guda, ya yi littafi sukutum a kan inuwa wanda ya haɗa da lissafin lokutan salla. Amma wanda ya fi taimaka mini a matsalar tsakar gidana shi ne Guo Shoujing, masanin taurari na ƙasar Sin. A ƙarshen ƙarni na 13 an gina masa hasumiya a yankin Dengfeng, aka gicciya sanda a tsayin kusan mita 10 don auna inuwar zawali, kuma ya ci karo da abin da na ci karo da shi, wato inuwar sandar tana narkewa kafin ta iso ƙasa. Maganin da ya samo shi ne ɗan faifan tagulla mai ƙaramin rami, wanda ake riƙewa a saman ma'aunin. Ramin yana fitar da ɗan hoton rana, sandar kuma ta bayyana a cikinsa kamar siririn zare, sai a matsa faifan har zaren ya raba hoton biyu daidai. Da irin wannan awo aka tsara kalandar da ta fara aiki a 1281, wadda ta ƙiyasta shekara a kwana 365.2425, adadin da kalandar Turawa ta ɗauka a 1582.

Na kwaikwayi dabarar da abin da ke hannuna. Na yanko kwalin shayi, na huda shi da allura, na ɗora shi tsakanin tubala biyu a tsayin santimita 30, ramin kuma ya matso wajen bango da santimita 30 daga layin gawayi, yadda saman bango da ramin da layin za su zama a jere. Na shimfiɗa farar takarda a ƙasa na sake jan layin a kanta, na durƙusa kamar yadda nake yi a gaban kakana. A cikin inuwar kwalin ga ƴar rana nan, ba ta fi ƙwayar wake ba, tana rarrafe sannu zuwa gabas. Da ta iso layin sai gefenta na gaba ya fara yankewa, yanka mai kaifi wanda babu dishi-dishi a cikinsa, kamar rana tana nutsewa a bayan dutse. Sanda rabinta ya shige na duba waya, na rubuta lokacin a gefen takardar. Bayan minti ɗaya da ƴan daƙiƙu sauran rabin ya ɓace, kwalin ya shiga ƙwaryar inuwar bango, kuma ina tattara tubalan ne na ji ladanin unguwarmu ya ɗaga murya.